Muhawara: Yaushe mai nakasa zai faɗa wa mai ɗaukar aiki halin da yake ciki?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar da ta fi yawa cikin saƙonnin da ake turowa a keɓe, gara a baje ta a faifai kowa ya amfana. Mutum yana da nakasa, ko kuwa ciwo ko hatsari ya kwantar da shi shekara ɗaya ko biyu ya tashi da rauni, yanzu yana son ya koma bakin aikinsa ko ya ajiye dosiye wani wuri. Ya rubuta halin da yake ciki a wasiƙar neman aiki? Ya bari sai an kira shi? Ko ya ja bakinsa ya yi shiru? Masana doka da masu tace dosiye, bismillah.

Baban Biyu:
Wa alaikumus salam. Mu fara da abin da ke rubuce, don mai nema ya san ba alfarma yake roƙo ba. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, a aya ta 5 ta hana mai ɗaukar aiki ya duba nakasa wajen ɗauka, rabon aiki, ƙarin girma, albashi ko sallama. Ba nakasa kaɗai ba, ta ambaci ƙanjamau da emasi, wato ciwon sikila, da sunansu. Ita dokar ce kuma ta ce a keɓe wa masu nakasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben da za a cike. Kason ma ya girmi dokar, tun 1993 yake, cikin doka mai lamba 93-012 da ta ɗora shi kan duk ma'aikatar da ke da mutum 20 zuwa sama. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, a Disamba 2019 kuma aka yi doka 2019-62 kan masu nakasa. Don haka ni ra'ayina a rubuta. Rabon da aka ware maka ba zai iso gare ka ba in ba a san kana cikin masu shi ba.

Malama ta Zariya:
Baban Biyu, Allah ya ƙara sani, doka kam haka ta ce. Amma a dubi yadda ake tace dosiye. An rufe karɓa, ambulan sun cika kwali, mutum biyu ko uku ne zaune da jan bik da takardar sharuɗɗa a gabansu: difloma, shekarun aiki, katin hukumar samar da aikin yi ta ANPE, kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum), takardar ɗan ƙasa. Kowace ambulan minti ɗaya ko biyu take samu. A wannan zaman ba dalilin ɗauka ake nema ba, dalilin turewa gefe ake nema, don tarin ya ragu. Wanda ya ga maganar nakasa a layi na uku na CV, ƙasa da ranar haihuwa, ba zai rubuta ko'ina cewa ita ta sa ya ture ba. Kai kuma ba ka da hujjar kai ƙara, tunda ba a kira ka ba balle ka ji dalili.

Shi ya sa nake raba abin biyu. In sanarwar da kanta ta ce ana ƙarfafa wa masu nakasa guiwa su nema, kamar yadda ƙungiyoyin agaji da yawa ke rubutawa can ƙasan takarda, ko kuwa ɗaukar gwamnati ce da ake aiki da kason, to a rubuta. Jimla ɗaya, a sakin layi na ƙarshe na wasiƙa, bayan an gama faɗin abin da aka iya. In sanarwar ba ta ce komai ba, a bar takardu su yi maganar ƙwarewa kawai, a jira kira. CV kuwa ba wurin wannan magana ba ne sam.

Baban Biyu:
Malama, in kowa ya ɓoye, yaushe za a tilasta wa kamfanoni cika kason? Sai su ce ba wanda ya nema.

Malama ta Zariya:
Gaskiyarka, amma wannan yaƙin ƙungiya ne. Tarayyar masu nakasa ta FNPH da ƙungiyar makafi ta UNAN da sufeton aiki su ne za su riƙe kamfani da lissafi. Kada a ɗora wa yaron da ya sayi tambur da kuɗin aro ya yi shi shi kaɗai da dosiyensa.

Ɗan Gulbi:
Malama, akwai wanda in ya bi shawarar nan yadda take zai rasa aikin tun bai san an neme shi ba: kurma. A nan Maraɗi kiran waya ake yi. A kira sau ɗaya, sau biyu, in ba a ɗaga ba ko an ɗaga ba a ji magana ba, sai a wuce na gaba. Dole kusa da lambar wayarsa a CV ya rubuta: a turo SMS ko WhatsApp. Ya ƙara lamba ta biyu ta wani ɗan'uwa mai ji, kuma ya rubuta wa ɗan'uwan sunayen wuraren da ya ajiye dosiye, don kada a kira ya ce bai san zancen ba.

Malama ta Zariya:
Wannan gyara ne mai kyau ƙanena, na karɓa. Kuma ka lura, bai ambaci ciwo ba, hanyar samunsa kawai ya faɗa. Haka duk maganar ya kamata ta kasance.

To an kira ka. Nan ne lokacin, ga duk wanda nakasarsa ake gani. Kada ka bari sai ka iso. Ku ɗauki wannan: ƙarfe takwas saura, adaidaita ta sauke mutum da kekensa a ƙofar biro, sai ga matakala uku, ɗakin ganawa kuma a bene. Mai gadi da mai shara suka cicciɓe shi, riga ta yamutse, zufa ta jiƙa ambulan, masu tambaya suna kallo ta taga. Bai buɗe baki ba tukuna, amma abin da suka fara gani shi ne ana ɗaukarsa. Minti ɗaya a waya ya isa ya hana wannan: "Na gode da gayyata. Da keken guragu nake tafiya. Ɗakin a ƙasa yake ko a bene? Akwai matakala a ƙofa?" Sai su sauko da tebur ƙasa tun ana gobe, su kuma mamakinsu ya wuce kafin ka zo. Bayan wayar ka tura abin da kuka yi a rubuce ta SMS, ya zauna a wayarka.

Cikin ɗakin kuma kai za ka fara taɓo zancen, a taƙaice, ba tare da ba da haƙuri ba: ga abin da yake akwai, ga yadda nake yin aikin da shi, ga abu ɗaya ko biyu da nake buƙata. Ka wuce zuwa maganar aiki. In ka yi shiru, tambayar da suke jin kunyar yi tana nan a ransu, kuma su za su ba kansu amsa bayan ka fita.

Mushe na Tibiri:
Na ƙara na makafi da masu raunin gani, don su gwajin rubutu ne ke kayar da su ba ganawa ba. A nemi gyara kwana biyu ko uku kafin ranar, ba da safiyar ba. Manhajar NVDA kyauta ce, tana karanta abin da ke fuskar kwamfuta da Faransanci, kuma ana iya ɗora ta a kile USB a tayar da ita ba tare da an girka ta a kwamfutar biro ba. A zo da abin sawa a kunne. Inda abin ke lalacewa: su kawo tambayoyin a takarda, ko su ɗauki hoton takardar su ce ga shi a kwamfuta. Hoto ba rubutu ba ne, manhajar za ta yi shiru. A faɗa musu tun farko cewa fayil ɗin Word ake so. A nemi ƙarin lokaci kashi ɗaya cikin uku, wato gwajin awa ɗaya ya zama awa ɗaya da minti 20, domin saurare ya fi duba da ido cin lokaci. Zabiya kuma a buga masa tambayoyin da manyan haruffa, lamba 18, a zaunar da shi inda hasken taga ba ya dukan fuskarsa.

Maman Nana:
Duk wannan na wanda ake gani ne. Mai emasi fa? Mai farfaɗiya, mai ciwon suga, wanda ya yi ciwon damuwa ya sha magani ya samu sauƙi? Kuma ga takardar bizit da kwantar-bizit da ake nema cikin dosiye, ba ita za ta tona ba?

Na Gidan Likita:
Yaya, takardar nan mutane na jin tsoronta fiye da kima. Likita biyu ne ke duba mutum, ɗaya bayan ɗaya, abin da suke sa wa hannu shi ne ya iya aiki ko bai iya ba. Sunan ciwo ba na mai ɗaukar aiki ba ne, sirrin likita ne. Dokar aiki ma ta hana a tilasta wa mai neman aiki gwajin ƙanjamau ko na emasi lokacin ɗauka.

Abu biyu ke ɓata ta. Na farko, likita ya ga sanda ko ƙafar roba, bai san wane aiki ake nema ba, sai ya yi ɗari-ɗari da sa hannu. A tafi masa da kwafin sanarwar. In ya ga aikin lissafi ne a zaune, ƙafa ba ta shiga zancen. Na biyu, galibi ana son takardar da ba ta wuce wata uku ba, kamar kaziye. Wanda ya yi ta da wuri ya ajiye, sai ya sake biya.

Amma kada a yi wa likita ƙarya. Shi ne kaɗai wanda za ka faɗa wa komai ya kuma tsaya a wurinsa, shi ne kuma zai iya rubuta cewa ka iya aikin bisa sharaɗi kaza, takardar da za ta tsaya maka nan gaba.

Alhaji na Ali Ɗan Sofo:
Ku yi haƙuri da ni, ni ɗan kasuwa ne. Ko buhun gero ka sayar ka ɓoye aibinsa ka ci amana, kuma an ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Yaya za a ce mutum ya karɓi aikin mutane yana ɓoye ciwo? In ya faɗi a bakin aiki wa za a kama?

Na Gidan Likita:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, akwai inda maganarka ba ta da ja. Mai farfaɗiya da ke neman tuƙin mota, hawan gini, aikin injin niƙa ko injin matsar mai, aiki kusa da wuta ko rijiya, wajibi ne ya faɗa, kuma mafi yawan lokaci ba aikinsa ba ne, don ransa da na wasu. Aikin dare ma a yi hattara, rashin barci na tayar da ita. Haka mai emasi da aikin dako a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da Maraɗi ke haura digiri 40: ƙishirwa da gajiya su ne ke kawo masa tashin ciwo, sanyin hunturu da na'urar sanyaya ɗaki ma haka.

Malama ta Zariya:
Amma Alhaji, abin da ma'aikaci ke sayar maka aikinsa ne, ba jikinsa ba. In ciwon ya taɓa aikin, ɓoyewa ha'inci ne, na yarda. In bai taɓa ba, sakatariya mai farfaɗiya, mai shan maganinta kullum, da ta shekara ba ta faɗi ba ba ta rage maka komai a mudu ba. Kuma kai ma ka san abin da ke biyo baya in labari ya fita: a daina cin abinci kwano ɗaya da ita, wai yawu na yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗawa. Har maganar aurenta sai ta taɓu. Ga irin waɗannan, a jira a sa hannu a kwantaragi, sannan a faɗa wa mutum ɗaya mai riƙon amana, shugaban ma'aikata ko na kusa da teburinka, tare da abin da zai yi.

Na Gidan Likita:
Abin da zai yi in farfaɗiya ta tashi kuwa kaɗan ne: ya kawar da abin da zai ji wa mutum ciwo, ya sa masa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, ya juya shi gefe. Ba a danne shi, ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa. In ta wuce minti 5, asibiti.

Alhaji na Ali Ɗan Sofo:
To na ji. Amma ni dai a wajena wanda ya zo ya faɗa mini da bakinsa ya fi shiga raina. A kasuwa ba dosiye muke dubawa ba. Ya zo da dattijon da na sani, ya ce a gwada shi mako ɗaya a kan littafin lissafi ko awo. Mako ɗayan nan ya fi dogon bayani.

Tsohon Delege:
Ku ba ni wuri in yi maganar wanda yake da aikinsa ciwo ya kwantar da shi, don nan ne ake asarar haƙƙi mafi yawa, kuma da hannun mutum ake yinta.

Ciwo ba ya kashe kwantaragi, dakatar da shi yake yi. In likitan da aka amince da shi ya tabbatar, ana riƙe wa ma'aikaci gurbinsa har wata shida, ana kuma iya zarce haka matuƙar ba a maye gurbin ba. Sharaɗin shi ne takarda. Tun kwanakin farko a kai takardar likita biro, in hutun ya ƙare a kai sabuwa kafin tsohuwar ta mutu. Kowace takarda a yi kwafi biyu, a bar ɗaya, ɗayar a buga mata hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa a dawo da ita gida. Faɗa wa patoro a waya ko aika yaro da baki ba hujja ba ce. In ba takarda, sai a rubuta cewa ka gudu daga aiki.

In hatsarin aiki ne, lissafin daban ne, ba a ƙidaya masa wata shidan nan. Kuma hatsarin da ya same ka a kan kabu-kabu tsakanin gida da wurin aiki, a hanyarka ta kullum, shi ma hatsarin aiki ne. Mai aiki na da awa 48 ya sanar da asusun inshorar ma'aikata CNSS, wadda muke cewa Kes. In ya ƙi, ma'aikaci ko iyalinsa na iya kai sanarwar da kansu. A nemi rahoton 'yan sanda da sunayen shaidu biyu tun abin na da zafi. In rauni ya tsaya, likita zai ƙiyasta kason nakasar da ta rage, Kes ta biya diyya gwargwadonsa, kuma karɓar diyyar ba ya hana komawa aiki. Fanshon nakasa wani abu ne daban, na wanda ya rasa aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa.

Sai babban tarkon. Mutum na kwance, a zo gaishe shi da lemo da ambulan mai jika hamsin, a ce sa hannu nan don a samu a taimaka maka. Takardar ajiye aiki ce. Kada a sa hannu a kan komai a gadon asibiti. A ce a bar ta a karanta, a nuna wa delege, wato wakilin ma'aikata, ko sufeton aiki.

Maman Nana:
Baba, in ya warke amma ba zai iya tsohon aikin ba fa? Direba ne ƙafa ta tafi.

Tsohon Delege:
Ɗiyata, kada ya jira ranar komawa. Mako biyu ko uku kafin nan ya je wurin likita ya samo takardar komawa aiki wadda ta faɗi abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, dalla-dalla: ba tuƙi, ba tsayuwar da ta wuce minti kaza, zai iya aikin zaune. Ya rubuta wa mai aiki wasiƙa, ya ambaci gurbin da yake ganin zai iya, kamar tsara fitar motoci da lissafin mai, ko riƙon sito. Wanda ya zo da shawara a hannu ya fi wanda ya zo yana cewa ku san yadda za ku yi da ni. In an canja masa gurbi, a rubuta a kwantaragi har da albashin. In aka ce babu wuri, sai wajen sufeton aiki don sulhu, in sulhu ya gagara ya ba da takardar rashin sulhu a wuce kotun ma'aikata. Abin da ya fi ba da wahala shi ne a tarar tun farko ba a yi wa mutum rajista a Kes ba. Duk mai aiki yau ya nemi lambarsa ya je ya tabbatar ana zuba masa, tun yana da lafiya.

Baban Biyu:
A lura, wannan duk na masu kwantaragi ne. Ma'aikacin gwamnati na dindindin ba dokar aiki ke tafiyar da shi ba, yana da tasa dokar da nata tsarin hutun jinya.

Ɗan Gulbi:
Gibin shekarun jinya a CV fa, Malama? Shi ne farkon abin da ake tambaya.

Malama ta Zariya:
Kada a cike shi da aikin ƙarya, ana neman takardar shaidar aiki, kuma garin nan kowa ya san kowa. Layi ɗaya: shekara kaza zuwa kaza, hutu saboda dalilin lafiya. In cikin lokacin an koyi kwamfuta, an riƙe wa ƙungiya kuɗi, an koyar da yara a gida, a rubuta shi a matsayin aiki, domin aiki ne. In an tambaya a ganawa: "Na yi jinya, likita ya sallame ni, ga takardarsa." A tsaya nan. Mai tambaya so yake ya ji ko za ka zo aiki ranar Litinin, ba tarihin asibiti ba.

Magini na Bagalam:
Ni abin da zan ƙara na siminti ne, don da an ce gyara sai mai aiki ya hango miliyoyi. A je masa da awo. Matakala ɗaya mai tsayin santimita 15 tana son gangara mai tsawon mita 1.80 aƙalla, wato kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 na tsawo. In da fili a kai mita 3, mai keke ya hau da kansa ba turi. Faɗinta kada ya gaza mita 1.20, a kuma karce fuskar simintin tun yana ɗanye, in aka shafe shi sumul da damina zai zama santsi. Kuskuren da aka fi yi shi ne gangarar shigar da babur, gajera mai tsaye, keke ya kife da mutum ta baya. Ƙofa ta samu santimita 80 zuwa 90 a buɗe. Ƙarƙashin tebur a bar santimita 70 don guiwa ta shiga, wani lokacin katako huɗu ƙarƙashin ƙafafun tebur sun gama magana. Sai ban ɗaki, wanda ba a son ambata, alhali shi ke hana mutum shan ruwa yini guda: ƙofar ta buɗe waje, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a sa kujera mai rami a kan masai na tsuguno.

Malama ta Zariya:
Malam magini, ka rubuto mana wannan awon a takarda ɗaya da adadin buhun siminti da yashi na matakala ɗaya da na biyu, Mai Kula da Zaure ya liƙa a sama. Mai zuwa ganawa ya buga ya sa a ambulan ɗinsa, bayan difloma.

Magini na Bagalam:
In sha Allah bayan la'asar. Amma kowa ya auna matakalarsa da mita kafin ya duba takardar, daga ƙasa har dokin ƙofa, don dokin ma ana lissafa shi cikin tsayin.